Kwana a bayan mota ko a tanti, ga mai shirin tafiya Enedi

Alhaji, ka ce a watan Janairu za ku tashi daga Njamena ku uku a Prado ɗinka, ku bi ta Mongo da Abeshe da Kalayit har Fada, da ke yankin duwatsun Enedi a hamadar arewa maso gabashin Cadi, kana tambaya ko ku kwantar da kujerun baya ku riƙa kwana a ciki, ko kuwa sai an sayi tanti. Shawarata ku sayi tanti, motar kuma ku bar ta a matsayin mafakar daren da iska ta taso. Ga yadda nake auna su biyun.

Kafin komai, ɗauki tef ka fita wajen motar. Ka kwantar da kujerun tsakiya, ka auna daga ƙofar baya zuwa bayan kujerar direba, sannan ka cire takalmi ka hau ka miƙe da kanka. Doguwar Land Cruiser ɗin nan mai lamba 78, wadda ƙungiyoyin agaji ke yawo da ita, bayanta na ɗaukar mutum a miƙe har da saura. Prado ba haka take ba. Dogon mutum sai ya tura kujerar gaba ya cike ramin da ke tsakani da jakunkuna, kuma shimfiɗar ba ta kwanta daidai, akwai tudu daidai inda ƙugu ke sauka. Mutum biyu za su iya matsuwa. Na ukun fa? Shi ne zai ƙare a kujerar direba, gwiwa a jikin sitiyari, gobe kuma a ce ya ja mota a yashi. Tanti mai cin mutum uku ba ruwansa da wannan lissafi, kowa ya miƙe ƙafarsa.

Abin da ya fi tsawon wurin muhimmanci shi ne kaya, kuma nan ne masu yabon kwanan mota ke yin shiru. Motar da ake kwana a cikinta ita ce wadda bayanta yake fayau. Tafiyar Enedi kuwa ba ta barin bayan mota fayau. Bayan Abeshe gari da gari akwai nisa, dole ku ɗauki jarkokin ruwa da na mai, kowace jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ga buhun shinkafa, ga tukwane, ga gawayi, ga shebur da igiya da akwatin sifanu. Duk magariba, bayan kun wuni ana jijjiga ku a hanya, sai an sauke wannan duka ƙasa kafin a shimfiɗa katifa. Da asuba kuma a mayar, a ɗaure, yatsu sun ƙandare da sanyi. Daren farko za ku yi da raha. Zuwa na uku za a fara kallon juna, wa zai ɗaga jarka. Jarkar mai kuwa ko da wasa ba a kwana da ita a rufaffiyar mota, musamman ta fetur: tururinta na sa ciwon kai, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tanti irin mai sanduna biyu masu lanƙwasa, mutum biyu da suka saba sun kafa shi kafin ruwan shayi ya tafasa, kayan mota kuma suna nan a ɗaure yadda aka shirya su tun Njamena.

Batun sanyi, mutane na ɗauka mota ta fi ɗumi. Da farkon dare haka ne. Amma ƙarfe da gilashi ba sa riƙe zafi, kafin asuba cikin motar ya kusa daidai da waje, kuma a Enedi cikin hunturu dare na sauka ƙasa da digiri 10. Abin da mota ta fi shi ne ta ɗaga ka daga ƙasa, ta kuma tare iska. A tanti sanyin ta ƙasa yake shigowa, don haka bargon da ka shimfiɗa a ƙarƙashinka ya fi wanda ka lulluɓa aiki. Tabarma, katifar soso, bargo a kai, sannan na lulluɓa, da hular sanyi da safa. In an yi haka sun tashi kunnen doki.

Inda mota ta yi wa tanti fintinkau shi ne iska. In hunturu ya taso da ƙura cikin dare, tanti mai araha ya dinga kaɗawa ke nan yana marin fuskarka, ƙura mai laushi na bi ta ragar tana shiga haƙori da kunne. Gajerun turakun da ake sayar da tanti da su ba sa kama yashi. Ko dai ka ɗaura igiyar a dutse ko jarka, ko ka cika buhu da yashi ka binne shi da igiyar a jiki. Ka kuma sa motar ta gefen da iskar ke fitowa, wato arewa maso gabas a wannan lokaci, ka kafa tantin a bayanta. In duk da haka abin ya gagara, to daren kwanan mota ya zo, a sauke kaya a shiga.

Kunama da maciji ma mota ce ta ci. Sai dai tanti mai haɗe da shimfiɗarsa ta ƙasa, wanda zif ɗinsa ke rufuwa ruf, bai bar ta da nisa ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai shimfiɗa tabarma a fili kusa da gindin dutse. Ko ina ka kwana, kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, kuma kada ka fita kama ruwa da dare ba tocila.

Yanzu abin da ya sa na fi jin tsoron kwanan mota ga wanda bai saba ba. Sanyi ya ciji mutum ƙarfe uku na dare, makulli na kusa, sai ya ce bari ya tayar da inji ya kunna hita na ɗan lokaci, barci ya kwashe shi. A hayaƙin salansa akwai wata guba da ba ta da launi ba ta da wari. In salansar ta huje a ƙarƙashi, abin da hanyar duwatsu ke yi wa mota kullum, ko iska ta juyo da hayaƙin, gubar na taruwa a ciki, mai barci kuma ba ya farkawa ya ce kaina na ciwo. Gawayi ma ita yake fitarwa, har da garwashin da ya daina hayaƙi. Kaskon shayi ba ya shiga mota, ba ya shiga tanti, komai sanyi. Ga kuma asarar mai: babbar mota da ke aiki a tsaye na shan lita ɗaya zuwa biyu a awa, ka ga dare guda ya cinye maka rabin jarka a wurin da ba gidan mai.

In za a kwana a ciki, a kashe inji, a sauke gilashi biyu masu kallon juna kamar faɗin yatsa biyu, a ja birkin hannu a sa giya. A kashe fitilar rufi gaba ɗaya, don ƙofar da aka bari a buɗe ana hira na tsotse batir, kuma ba wanda zai tura Prado a yashi. Makulli ya kwana a aljihunka. Ka kuma duba tun a gida ko ƙofar baya na buɗuwa ta ciki, motoci da yawa ba ta yi, sai mutum ya tsallake abokin kwanansa kafin ya fita alwala.

Wani zai kawo maganar tantin saman mota. Yana da daɗin kwana, amma nauyinsa kan kai kilo 50 ko fiye, yana ƙara wa mota tangaɗi a tudun yashi, ga tsada, ga rufin naku taya ta biyu ta riga ta kama shi. Don tafiya ɗaya bai cancanci kuɗinsa ba.

Game da tsaro, kulle ƙofa na sa zuciya ta kwanta, amma gilashi ba katanga ba ne. Wurin da aka sauka shi ne tsaron. Kusa da ƙauye, a je a gaida mai gari a faɗa masa an sauka. A arewa kuwa ɗan jagora ne ke zaɓar masauki, ba direba ba. UNESCO ta sa Enedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, baƙi na zuwa, amma har yanzu akwai wuraren da nakiyoyin yaƙin Cadi da Libiya ke binne, yaƙin da aka gwabza a Fada kanta a 1987. Kada a bar sawun motoci don an hango wata inuwa mai kyau. Kuma mota ɗaya tilo ba ta shiga wannan hanya, ku nemi ta biyu ku jera.

Duk wannan lissafin hunturu ne. In ka sake shawara ka nufi gandun dajin Zakuma ta Am Timan a Maris ko Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, motar da ta wuni a rana tanda ce har tsakar dare, ka sauke gilashi kuma sauro ya shigo. Can ragar tanti kawai ake kafawa a cire rufin, kuma a cikin gandun ba a kwana sai a masaukin da hukumarsa ta ware.

Kafin ranar tafiya, Alhaji, ku loda motar da kayanta duka a tsakar gida, ku sauke, mutum biyu su kwana a ciki, ɗaya a tanti. Washegari ka tambayi wanda ya kwana ta gefen tudun kujera yadda bayansa ya tashi.