Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu

Nas ɗin teburin awo ce ta sa nake yaba wannan ƙaramin asibiti a Kano. Kafin ta auna jinin mahaifina ta ce, "Baba, yaya kake jin jikinka? Garau, dama-dama, ko ba daɗi?" Ya ce alhamdulillahi. Ta ajiye biro ta jira, har ya faɗa mata tura baro yanzu na sa shi haki.

Tambayar tana da nauyi. Bincike ya nuna masu cewa jikinsu ba daɗi sun fi saurin mutuwa, kuma talakawa sun fi ba da wannan amsa.

Layi akwai tsawo, bencuna kaɗan ne, gara a yi sammako.