Iskar kabon ko girgizar sauti: wacce ta fi tatso amfanin ɓawo?

Ɗan'uwa, ka ce kana samun ɓawon tumatir da na albasa da ake zubarwa, kana son sanin wacce ta fi cikin hanyoyin nan biyu wajen ciro sinadaran da ke amfanar jiki. Kafin ka dubi na'ura, dubi ɓawon, domin abin da ke cikinsu ba halinsu ɗaya ba.

Jan da ke ɓawon tumatir sunansa laikofin, kuma da mai yake shiri, ba ya narkewa a ruwa. Nan iskar kabon dayoksaid take da baki. Idan zafinta ya wuce digiri 31 kuma aka matse ta kusan ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, sai ta koma tsakanin ruwa da iska: tana ratsa ɓawo kamar iska, tana narkar da mai kamar ruwa. A aikace ma laikofin yana buƙatar matsin da ya ninka wannan. Da an sassauta matsin sai iskar ta kama gabanta, ta bar maka abinka tsaf, ba ɗigon guba. Da wannan dabarar ake cire sinadarin kafin mai hana barci daga kofi. Sai dai kuɗi! Tukwanen ƙarfe masu jure irin wannan matsi da famfunansu ba na mai ƙaramin jari ba ne, ga shi dole ka busar da ɓawon tukuna.

Albasa kuwa sinadarin kwasetin ne a busasshen ɓawonta, shi kuma ya fi fitowa cikin itanol, wato zallar barasa, da aka sirka da ruwa. Iskar kabon ita kaɗai ba ta iya masa sosai sai an ɗan haɗa ta da itanol. Girgizar sauti ta fi dacewa a nan. Sauti ne da kunne ba ya ji, mai kaɗawa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa, yana haifar da 'yan kumfa cikin ruwan, su kuma suna fashewa suna tsaga ƙwayoyin ɓawon. Aikin da tsohuwar na'urar Soxhlet ta 1879 ke kwashe awanni tana yi, sau da yawa da heksen na man fetur, wannan cikin mintuna take gama shi. Aibinta biyu: sai ka ƙafe itanol ɗin daga baya, aikin da ke cin wuta, kuma idan ka bar ta ta daɗe ruwan ya yi zafi, ita da kanta za ta lalata abin da ta ciro.

In ni ne kai, da ɓawo iri biyu da jari ɗaya, girgizar sauti zan saya. Ko tumatir ɗin ma ba ta bar shi ba: zuba ɓawon cikin man girki a madadin itanol, laikofin zai shiga man, ka sami jan mai da ba sai ka raba shi da komai ba.