Lactulose bayan tiyatar haihuwa: yana aiki, amma ba ya gaggawa

Duk wanda zai sayi lactulose, ruwan maganin bushewar ciki, da niyyar ya sha da dare, ya wayi gari ciki ya saki, gara ya riƙe kuɗinsa. Maganin nan ba ya gaggawa. Takardar da ke cikin kwalin ma ta faɗa, yana iya ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin a ga aikinsa. Amma idan ya kankama, ni dai ban ga na biyunsa wajen sauƙi ba.

Likita ce ta rubuta mini shi bayan an yi mini tiyatar haihuwa. Ga maganin ƙarin jini da ke busar da ciki, ga kwanciya, ga tsoron yunƙuri saboda ɗinki. Wadda ta taɓa shiga wannan hali ta san yadda zuwa bayan gida ke zama abin fargaba. Abin da ya kwantar mini da hankali tun farko shi ne bayanin da ta yi mini, cewa jiki ba ya tsotse shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka mai shayarwa na iya sha. Wucewa yake yi har babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su farfasa shi, sai ya janyo ruwa cikin hanjin, bahaya ya yi laushi. A nan ya sha bamban da filasko da iyayenmu suka saba da shi, wanda ke zaburar da hanji ya motsa da ƙarfi, ga murɗawa. Shi kuwa lactulose jiƙawa yake yi, shi ya sa yake cin lokaci.

Mililita 15 aka ce in sha da safe, mililita 15 da yamma. Da abin ya daidaita, likitar ta mayar da ni sau ɗaya a rana, daga baya na daina. Wannan raguwar ita ce mutane da yawa ba sa kula da ita. Abin da ake nema bahaya mai laushi ne da ke fita ba tare da yunƙuri ba. Idan ya koma gudawa, awon ya yi yawa, kuma gudawar da ta daɗe tana kwashe ruwa da gishirin jiki, musamman ga tsofaffi. Na ga masu ninka awo a rana ta biyu don sun ga shiru, sai maganin jiya da na yau su haɗu su sauko lokaci guda. Kuma a yi amfani da murfin awon da ke zuwa da kwalbar, don cokulan gidajenmu kowanne da girmansa. Akwai masu ciwon hanta da ake ba su shi da yawan da ya fi wannan nesa, amma nasu dalilin daban ne, likita kuma na bibiyarsu. Kada a kwaikwayi awonsu. Yaro ma ba a rage masa na babba da ka, sai an tambaya.

Sai ruwa. Maganin da aikinsa janyo ruwa ne, ina zai samo shi a jikin da ya bushe? Ana son lita 1.5 zuwa 2 a rana, wato ledar ruwa 3 zuwa 4, tunda kowace rabin lita ce. Mai jego a zafin bazara kuwa sai ta fi haka.

Abin da ban ji daɗinsa ba, na farko zaƙi ne, irin mai hawa kai. Ina zuba shi a rabin kofin ruwa kafin ya shawu. Na biyu iska. Kwanakin farko cikina ya yi ta ƙugi da kumburi, wanda ga mai sabon ɗinki ba ƙaramin takura ba ne, ko da yake ya lafa da kansa. Bakin kwalbar kuma danƙo gare shi, in ba a goge ba kiyashi sun samu wurin zama.

Kafin a biya a kyamis, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Mai ciwon suga ya sanar da likitansa kafin ya fara. Wanda kuma cikinsa ya kumbura yana ciwo mai tsanani, yana amai, ko iska ba ta fita, kada ya kusanci wannan magani ko wani mai sakin ciki, don yana iya zama toshewar hanji, kuma wannan aikin asibiti ne a ranar. Haka wanda ya ga jini a bahaya, ko yake ramewa ba dalili, ko ya sha na kwanaki bai ga canji ba, ya koma a duba shi maimakon ya ƙara awo.