Sharhi: Hanya Mafi Araha Daga Tashar Jiragen Ruwa ta Civitavecchia Zuwa Roma

A takardar tafiya, kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa "Roma" suke rubutawa da manyan baƙaƙe, amma babu jirginsu ko ɗaya da ke tsayawa a Roma, don birnin ba a bakin teku yake ba. Inda ake sauke mutane shi ne Civitavecchia, gari mai tashar jiragen ruwa da ke kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Roma, kusan tazarar Kaduna zuwa Zariya ke nan. A kan wannan tazarar ake cin kasuwa. Tun kana cikin jirgi za a zuro maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ana tallata maka bas ɗin kamfani da zai kai ka cikin gari ko filin jirgin sama, kuɗin kujera ɗaya kuma ya ninka na jirgin ƙasa sau da yawa. Wanda bai san gari ba sai ya biya, ya ce a rabu lafiya.

Ni da maiɗakina jirgin ƙasa muka bi. Yuro 4.60 muka biya kowane mutum daga Civitavecchia har tashar Termini da ke tsakiyar Roma, kuma da za a mayar da ni yau, shi zan sake bi. Sai dai ba zan ce wa kowa ya bi shi ido rufe ba, domin arahar tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne yawan kayanka.

Wahalar ba a cikin jirgin ƙasan take ba, tana tsakanin ƙofar jirgin ruwa da tashar jirgin ƙasa. Tashar ruwan Civitavecchia ƙatuwa ce. A Turai, bayan Barcelona ita ce ta fi karɓar irin waɗannan jirage, a 2023 kaɗai fasinjojin yawon shaƙatawa sama da miliyan 3 suka ratsa ta. Manyan jiragen suna jingina da wata doguwar katangar da ta miƙe cikin teku, ga manyan motoci da jiragen fito masu zuwa tsibirin Sardiniya suna ta kai-komo, don haka ba wurin da za ka saɓa jaka ka kama hanya da ƙafa ba ne. Akwai bas na kyauta da ke kwasar mutane daga gindin jirgi ya kai su wani fili a bakin gari da ake kira Largo della Pace. Kyauta ne da gaske, babu wanda zai miƙo maka hannu. A wannan filin ne masu tasi da masu motocin haɗaka suke jira, kowa da allonsa, wasu ma za su rantse maka yau jirgin ƙasa ba shi da tabbas. Ka yi musu murmushi ka wuce.

Daga Largo della Pace zuwa tashar jirgin ƙasa kimanin kilomita ɗaya da rabi ne. Ko dai ka taka, minti 20 zuwa 25, ko ka hau bas ɗin gari da Yuro 2. Akwai kuma wani bas da ke ɗauka kai tsaye daga gindin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa a kan kusan Yuro 6. Da farko na raina shi, na ce yaya ɗan wannan taƙin zai fi tafiyar kilomita 80 tsada? Amma ga mai akwati biyu, shi ne kuɗin da ya fi kowane halatta a duk tafiyar, don ɗorawa ɗaya ce, saukewa ɗaya, ba sai an bi layi sau biyu ba.

Mu dai takawa muka yi, kowa da akwati ɗaya mai taya da jakar baya. Hanyar ba ta da hawa sosai, kuma rabinta a gefen teku ake bi, iska na kaɗawa. Za ka wuce kusa da ganuwar da ake kira Forte Michelangelo, wadda aka aza harsashinta a 1508 zamanin Paparoma Julius na Biyu domin tsare tashar daga 'yan fashin teku. Ita tashar kanta ta girmi ganuwar nesa ba kusa ba, Sarki Trajan na daular Rumawa ne ya gina ta a farkon ƙarni na 2. Garin dai ba ya nuna shekarunsa, saboda ruwan bama-baman 1943 ya rushe mafi yawan tsohon ginin. Da muka ci rabin hanya maiɗakina ta tsaya ta ce, "Malam, Yuro biyun nan da ka hana, a kafaɗata kake cire shi." Na sayi ruwan sanyi na ba da haƙuri, lissafin ya tashi babu riba.

Tikiti ana samunsa a kantar tasha, da na'urorin da ke jere a bakin shiga, da shagon jarida. Ranar da jirage uku ko huɗu suka iso tare da safe, layin kanta yakan fito har waje. Mafita ita ce a saya ta manhajar Trenitalia, kamfanin jiragen ƙasa na Italiya, tun ana cikin jirgin ruwa ko a bas. Na waya yana ɗauke da lokacin jirgin da ka zaɓa. Na takarda kuwa dole ne ka zura shi cikin ƙaramar na'urar da ke jikin bango ta buga masa kwanan wata da lokaci kafin ka hau. Wanda bai buga ba, a wurin mai duba tikiti daidai yake da wanda bai saya ba, tarar kuma ta ninka kuɗin tikitin sau da dama. "Ni baƙo ne" ba ta aiki, domin rabin jirgin baƙi ne. Yaran da ba su kai shekara 4 ba kyauta suke hawa.

Layin sunansa FL5, kuma jirgin na 'yan zuwa aiki ne da ɗalibai, ba don matafiya masu lodi aka ƙera shi ba. Babu kujera mai lamba, wanda ya riga ya zauna. Wurin ajiye manyan akwatuna kaɗan ne, sai dai ka cusa naka tsakanin gwiwoyinka ko ka tsaya da shi a bakin ƙofa. Galibi jirgi biyu ake samu a awa. Wasunsu daga arewa suke tahowa, daga Pisa ko Grosseto, su iso da mutanensu. Wasu kuma daga nan Civitavecchia suke tashi, babu kowa a ciki. Idan ka ga jirgi a tsaye yana jiran lokaci, shi za ka nufa, ko da wani zai riga shi tashi da minti goma. Ka zauna ta hannun dama, nan teku yake. Bayan Santa Marinella za ka hango tsohon gidan sarautar Santa Severa zaune a bakin ruwa, daga nan sai gonaki, sai Ladispoli inda jirgin ke cika maƙil.

Abin da ya fi burge ni da wannan layin shi ne ba sai ka kai Termini ba. Yana tsayawa a tashoshi da dama cikin Roma, kuma sanin wadda za ka sauka ya fi ragin Yuro ɗaya ko biyu amfani. Roma San Pietro ita ce ta masu zuwa fadar Paparoma, ƙasa da awa ɗaya daga Civitavecchia, tun kana cikin jirgi za ka ga ƙubbar cocin, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce da ƙafa. Bayanta Trastevere, inda ake sauya jirgi zuwa filin jirgin sama. Sai Ostiense, wadda ke haɗe da tashar Piramide ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin B, tasha biyu kacal zuwa Colosseo, wurin tsohon filin wasan nan na daular Rumawa. Termini ita ce ƙarshe, wajen awa ɗaya da minti 20. A can ma akwai saura: jiragen wannan layin a dandamali na 25 zuwa 29 suke yawan tsayawa, can ƙuryar tasha, sai ka yi tafiyar kusan minti goma kafin ka fito babban zaure. Idan masaukinka ta ɓangaren titin Giolitti yake, ko unguwar Esquilino inda ake samun gidajen abincin halal da kasuwar da ke sayar da doya da kuɓewa da manja, ka fita ta ƙofar gefe, kada ka bi ayari. A Termini da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, jakar baya ta dawo gaba, fasfo ya shiga aljihun ciki. 'Yan sanen wurin sun san mai saukowa daga jirgin ruwa tun daga lambar da ke rataye a akwatinsa.

Akwai jirage masu sauri, Intercity da ire-irensa, masu kujera mai lamba da wurin kaya, suna kai Termini cikin ƙasa da awa ɗaya. Kuɗinsu ya ninka na FL5 biyu zuwa uku, kuma ba su da yawa a rana. Idan lokacinsu ya zo daidai da naka, ga dattijo ko mai goyo sun cancanci kuɗinsu. Jiransu na awa biyu don a rage minti 25 kuwa wauta ce.

Wanda jirginsa ya tsaya na yini ɗaya kawai, zai shiga Roma ya dawo da yamma, lissafinsa daban ne. Shi tikitin BIRG na shiyya biyar ya dace da shi. Yuro 12 ne lokacin da na duba, ya haɗa zuwa da dawowa a jirgin FL5, da duk bas da tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Roma har sha biyun dare. Tunda hawa ɗaya a cikin gari Yuro 1.50 ne, da ka hau sau biyu ka mayar da kuɗinka. Ba ya aiki a jirage masu sauri. Da shi za ka iya kai wa Babban Masallacin Roma idan ranar Juma'a ce: layin A zuwa Flaminio, sai ƙaramin jirgin layin Viterbo zuwa Campi Sportivi. An buɗe masallacin a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai, ginshiƙansa kamar itatuwan dabino. Sai dai mai yini ɗaya ya riƙe abu guda: jirgin ruwa yana jiran waɗanda suka bi yawon kamfani idan suka makara, ba ya jiran wanda ya tafi da kansa. Ka bar Roma da tazarar jirgi biyu, yadda in ɗaya ya kuɓuce akwai wani. Mu masu koren fasfo abin ya fi shafa. Bature in jirgi ya tafi ya bar shi, tikiti zai yanka ya tare shi a tasha ta gaba. Kai kuwa in tasha ta gaba tana wajen ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar da ke hannunka ba lallai ta kai ka ba.

Ga mai wucewa filin jirgin sama na Fiumicino kai tsaye, hanya mafi araha ita ce FL5 zuwa Trastevere, a sauya zuwa layin FL1 mai zuwa filin, duka bai wuce Yuro 11 zuwa 13 ba, awa biyu in an haɗa da jira. Kada ka je har Termini don ka hau Leonardo Express, jirgin da ke zuwa filin kai tsaye a kan Yuro 14, zagaye ne da ƙarin kuɗi. Kuma duk hanyar da za ka bi, kada ka yanki tikitin jirgin sama na kafin azahar a ranar sauka. Ana fitar da mutane rukuni-rukuni bisa launin lambar da aka ɗaura wa akwatinsu, ba kai ke zaɓar lokacinka ba, sai in ka yarda ka ɗauki kayanka da hannunka ka fita da sassafe.

A nan ne arahar jirgin ƙasa take fara tangal-tangal. Mun san halinmu da tsaraba. An tsaya Barcelona an sayi takalma, an tsaya Marseille an sayi sabulu da turare, na gwaggo daban, na surukai daban, kafin a ankara akwati biyu sun zama biyar. Sauyin jirgi a Trastevere yana nufin sauka, bin hanyar ƙarƙashin ƙasa, sake hawa, jirgin kuma minti ɗaya ko biyu yake tsayawa. Na ga wani magidanci da iyalinsa a dandamali suna miƙa akwatuna hannu da hannu, ƙofa na ƙara tana neman rufewa, uwar tana ƙirga yara maimakon kaya. Irin wannan iyali, motar haɗaka ce tasu, wadda ake biyan kuɗin kujera tun kafin a sauka, direba ya tsaya da allo mai sunanka. Shatar tasi zuwa Fiumicino ta haura Yuro 100, ga mutum biyu asara ce, amma in kun kai biyar ko shida kuka ɗauki babbar mota kuka raba, abin da zai faɗo wa kowa bai fi ƙarfin a biya don a tsira da baya ba. A yi ciniki a gama, a ji ko kuɗin na mota ne ko na kai, kafin akwati ya shiga but.

Abu ɗaya da zai iya rushe duk wannan tsarin shi ne yajin aiki, wanda ma'aikatan sufuri a Italiya ba sa wasa da shi. Sauƙin abin, ana sanar da shi kwanaki kafin ranar, kuma doka ta tilasta a bar wasu jirage su yi aiki. A ranakun aiki, jiragen yanki na ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da na 6 zuwa 9 na dare suna tashi ko ana yajin. Kwana biyu kafin ku iso Civitavecchia ka buɗe manhajar ka duba ko akwai sanarwar "sciopero", wato yajin aiki, a ranarku. In akwai, ko ka nemi fita cikin rukunin farko ka kama jirgin kafin ƙarfe 9, ko ka kama kujerar motar haɗaka tun a daren, don da gari ya waye babu sauran kujera a Largo della Pace, kuma farashin da za a faɗa maka ba na jiya ba ne.