Gargaɗi: masu tallan man ƙamshi da sunan magani, kada a sha, kada a biya su kuɗin rajista

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda wannan rubutu ya iske ya tura wa matan gidansu, musamman masu jego da masu jinyar tsofaffi, domin su aka fi ɗana wa wannan tarkon.

Wata sana'a ce ta yi ƙarfi a zaurukan WhatsApp na mata da TikTok da Facebook. Wasu 'yan kwalabe ne masu duhu, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, a jikinsu an rubuta Lavender ko Peppermint ko Tea Tree ko Frankincense ko Oregano. Mai tallar za ta ce tataccen man tsirrai ne daga Amurka ko Dubai, babu sinadari ko ɗaya a ciki. Da a nan ta tsaya da babu mai magana. Amma sai ta turo saƙon murya mai tsawo, ta fara da salati, ta ce a ɗiga uku a ruwan ɗumi a sha safe da yamma, suga zai sauka, hawan jini zai tafi, mai sikila zai daina kwanciya asibiti, wadda ta shekara goma ba haihuwa za ta ga alheri. Wata ma har takan ƙara da cewa a ajiye ƙwayoyin asibiti, wai su ne ke cinye ƙoda. Daga ƙarshe kuma sai a gayyace ki taro a wani ɗakin biki, a ce ki zo ki zama wakiliya, ki riƙa samun kuɗi kina kwance a ɗakinki.

Cuta biyu ce a haɗe a nan: ta lafiya da ta aljihu.

Mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Man tsirrai na gaskiya ana samunsa ne ta hanyar turara ganye ko fure ko itace, tururin ya kwaso man, a sanyaya shi, a tsame ɗan abin da ya taso a saman ruwa. Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Man wardi, wanda ake yi a Bulgeriya da Turkiyya da Ɗa'ifa ta Saudiyya, sai an turara furen da ya kai tan uku zuwa huɗu kafin a sami kilo ɗaya. Shi ya sa yake da ɗan karen tsada. Haka sandal da ud. Shi kuwa man lemo daga ɓawon da masana'antun lemon kwalba ke bari ake matso shi, don haka yana da araha. To idan kika ga mai talla ta jera wardi da sandal da lemo da na'a-na'a duk kuɗinsu ɗaya, ba sai kin tambayi kowa ba. Duk wadda ta taɓa haɗa humra ko turaren wuta ta san turarukan haɗi da ake aunawa a Sabon Gari ta Kano ko a kasuwar Monday Market ta Maiduguri, ta kuma san DPG, ruwan da ake tsinka su da shi don su yi auki. Wannan halastacciyar sana'a ce, masu ita ba su taɓa cewa a sha ba. Na tufafi ne da ɗaki. Macuci shi ne wanda ya ɗura irin wannan a kwalba mai duhu, ya manna takardar da aka buga masa a shagon kwamfuta, ya kira shi magani.

Akwai ɗan gwajin da ake yi: a ɗiga a farar takarda a bar shi ya kwana. Yawancin man gaskiya yana tashi ya bar takardar ba maiƙo, wanda aka haɗa da man gyaɗa ko na kwakwa kuwa zai bar tabo. Amma gwajin bai isa hujja ba, domin turaren haɗi ma yana iya tashi tas, sandal na gaskiya kuma yana da nauyi, yakan bar alama. Ku duba takardar jikin kwalbar ma: babu adireshin wanda ya yi, babu ranar ƙarewar aiki, babu lambar rukunin da aka yi shi, sai lambar waya kawai da hoton fure.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, ko da man na gaskiya ne, shan sa haɗari ne. Mutanenmu suna da wata fahimta cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Zaƙami ma ai tsiro ne. Man Wintergreen, wanda suke tallatawa don ciwon gaɓoɓi, kusan dukkansa sinadari ne ɗan uwan asfirin. Ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya fiye da 20, kuma wannan ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Man bishiyar turare, wanda ake rubuta wa Eucalyptus, da man kafur, idan yaro ya haɗiye ko da kaɗan ne suna iya jefa shi cikin taune-taune ko suma. Tea Tree guba ne a ciki. Man darbejiya da wasu ke ɗura wa jarirai, likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta yadda ya jawo wa yara amai da jijjiga da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Man lemon Bergamot idan aka shafa aka shiga rana yana ƙona fata, ya bar baƙin tabo, ku kuma kun san irin ranar da muke da ita. A 2007 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin yara maza uku da nono ya fara fito musu bayan an daɗe ana shafa musu kayan da ke ɗauke da Lavender ko Tea Tree, da aka daina kuma ya koma.

Masu jego, wannan taku ce. Akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira G6PD, tana da yawa a Najeriya, musamman ga 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da ita ba. Likitocin yara sun daɗe suna hana sa kafur a kayan jariri da shafa masa man zafi mai mentol, saboda suna iya fasa jinin irin wannan jariri su jawo shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Yanzu ga wata ta zo tana ce miki ki shafa wa ɗan sati biyu Peppermint a ƙirji da tafin ƙafa don mura. Shi kuma Peppermint mentol ne cike da shi, yana iya ma toshe wa jariri numfashi idan ya kusanci hancinsa. Haka na'urar nan mai fesa tururin ƙamshi da suke haɗawa da kayan: a rufe ɗaki a kunna ta ga mai asma, an tayar masa da ciwo.

Su waɗannan kalamai na warkar da komai ba a nan aka ƙirƙire su ba, kwafo su ake yi. A Amurka akwai manyan kamfanoni biyu a jihar Utah, Young Living da doTERRA, da ke sayar da man tsirrai ta hanyar wakilai masu jawo wakilai. A watan Satumba na 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika wa kowannensu takardar gargaɗi saboda wakilansu na tallata man a matsayin maganin cututtuka, har da Ebola. Ku tuna a watan Agustan 2014 ɗin ne a nan Najeriya aka tashe mu cikin dare da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don kariya daga Ebola, har aka rasa rayuka, wasu suka kwanta asibiti. A 2020, lokacin korona, hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta gargaɗi doTERRA kan irin wannan iƙirari na wakilanta, a 2023 kuma aka ci tarar wasu manyan wakilan kamfanin su uku dala 15,000 kowanne. Can da ake da doka mai haƙori ke nan. Ban ce waɗannan kamfanoni ne suka aiko masu tallar da ke cikin zaurukanmu ba. Da yawansu hotuna da bidiyo kawai suke ɗaukowa daga intanet su ɗora muryar Hausa a kai. Kuma wannan tambari da suke nunawa mai cewa man ya kai "matakin magani", babu wata hukumar gwamnati da ke bayar da shi. Kamfani ne ke ƙirƙirar kalmar ya buga wa kayansa.

Sai kuma fakewa da addini, wanda shi ne ya fi ɓata min rai. Za a kawo hadisin habbatussauda, wanda ingantacce ne yana cikin Bukhari, a karanta shi da murya mai daɗi, sannan a zarce da tallan Oregano da Lavender kamar su ma suna cikin hadisin. Wadda ta yi tambaya a ce imaninta ne da rauni. Shi kuwa hadisin da ke cikin Muslim, cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ba ka taɓa jin sun karanto shi.

Idan ta ce miki ai yana da lambar NAFDAC, ki karɓi kwalbar ki duba da idonki. Maganin gargajiyar da hukumar ta yi wa rajistar wucin gadi lambarsa tana ƙarewa da harafin L, kuma dole a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ake yi ba. Ma'ana an duba cewa ba zai yi illa nan take ba, ba a ce yana warkar da suga ba. Wani kuma rajistar kayan shafa ce aka yi masa, wani lambar ta wani kaya ce daban aka sato. Hukumar tana da manhajar Greenbook da ake duba magungunan da ta yi wa rajista.

Yanzu ɓangaren kuɗi. A taron za a kawo wata mai sarƙar gwal da babbar waya ta ce shekara biyu da suka wuce ko kuɗin cefane ba ta da shi. Za a ce ki biya kuɗin rajista, ki sayi akwatin farko, sannan kowane wata sai kin sayi kaya na wani adadi, in ba haka ba matsayinki ya faɗi. Riba ta gaske, in ji su, tana zuwa ne idan kin kawo mutum biyar, kowannensu ya kawo biyar. Ɗauki biro ki lissafa: 5, 25, 125, 625, a hawa na 12 kaɗai ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato fiye da duk jama'ar Najeriya har da jarirai. Dole a wani wuri layin ya tsaya, kuma waɗanda ke ƙasa, su ne mafiya yawa, su za su tashi da kwalabe cike da durowa. A 2024 ma'aikatan FTC sun duba bayanan kuɗin shiga na kamfanoni 70 masu irin wannan tsari, suka ga mafi yawan wakilai abin da suke samu bai wuce dala 1,000 a shekara ba, da yawa ma ko sisi, kuma wannan tun kafin a cire abin da suka kashe. Mu da muka ga tsarin zuba kuɗi na MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, muka ga irinsa na CBEX a Afrilun 2025, bai kamata a ce an sake yi mana irin wannan wasa don kawai an sa masa ƙamshi ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu tafiyar da tsarin damfara na karɓi-nan-ka-biya-can. Idan kuɗin da ke yawo a tsarin na rajistar sababbin shiga ne, ba na cinikin kaya ga masu saye na waje ba, to kwalbar ado ce kawai.

Kuma wa za ki jawo? Ƙanwarki, kishiyarki, matan Islamiyyarku, 'yan adashinku. Ranar da abin ya watse ba za su nemi mai sarƙar gwal ba, ƙofar gidanki za su zo. Na ga inda aka kwashe adashi aka zuba, aka sayar da tunkiya da ɗan kunnen gwal, aka ƙare da zumuncin da ko gaisuwa babu.

Ba ina cewa man ba shi da amfani ko kaɗan ba ne. Man kanumfari yana lafar da ciwon haƙori na ɗan lokaci kafin a je wurin likita, kakanninmu ma da kanumfarin suke yi. Ƙamshin Lavender yana sa wa wasu natsuwa su yi barci. Wanda zai shafa, babba ba yaro ba, ya tsinka ɗigo ɗaya ko biyu a ƙaramin cokali na man kwakwa ko man kaɗanya ko zaitun, ya gwada a ɗan wuri a hannu tukuna. Mai ciki da mai farfaɗiya su tambayi likita. Iyakarsa ke nan. Mai suga da ya bar allurarsa ko ƙwayarsa, da mai hawan jini da ya ajiye maganinsa, ƙamshi ba zai hana shanyewar ɓarin jiki ko yanke ƙafa ba.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin man na iya komawa huhu ya fi yin ɓarna. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da yana wasansa lafiya lau, a tafi da kwalbar likita ya gani.

Wadda kuma ta riga ta tura kuɗi, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ki ɗauki hoton hirarku da shaidar tura kuɗin, ki adana saƙonnin murya kafin a goge su ko a cire ki daga zauren. Ki je bankinki da wuri ki shigar da ƙorafi kan asusun da kika tura wa. Batun iƙirarin magani da jabun kaya a kai shi ofishin NAFDAC na jiharku tare da kwalbar, batun kuɗi kuma ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko EFCC, kuma idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku haɗu ku je tare da takardunku.