Makirfon Shure 520DX da Sautin Harmonikar Shikago

Na shekara da shekaru ina sauraren kiɗan buluz, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, na birnin Shikago da ke Amurka kafin in gane cewa kakkauran sautin nan mai gurnani da ke cikin faya-fayan shekarun 1950, wanda wani lokaci mutum zai rantse saksafon ne, daga 'yar ƙaramar harmonika mai ramuka goma yake fitowa, irin wadda ake jefawa a aljihun riga. Da na sayi tawa na fara busawa a ɗaki, sai na ji sauti siriri mai daɗin ji, amma babu wannan kauri da nauyi ko kaɗan. Abin da ya raba sautina da na faifan shi ne makirfo da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, da kuma yadda mai busa yake riƙe harmonika da makirfo, kuma makirfon da ya fi suna a wannan aiki shi ne Shure 520DX, wanda ake yi wa laƙabi da Green Bullet saboda launinsa kore da ƙirarsa mai kama da harsashi. Na yi watanni ina aiki da shi a ƙaramin ɗakin da nake naɗar sauti, kuma abin da na gani a tsawon wannan lokaci ne zan bayyana.

Kamfanin Shure, wanda aka kafa a Shikago a 1925, ya fito da samfurin 520 a 1949, kuma ba domin makaɗa ya ƙera shi ba. An yi shi ne domin masu aika saƙo ta rediyo da masu yin sanarwa ta lasifika, waɗanda buƙatarsu ita ce a ji magana sarai kuma na'urar ta jure wahala. A daidai wannan zamani baƙaƙen fatar Amurka da suka yi ƙaura daga Misisipi da sauran jihohin kudu suna kiɗa a gidajen rawa na Shikago da kuma kasuwar titin Maxwell, inda jita mai lantarki da ganguna suke danne muryar harmonika. Masu busa suka koma ga irin waɗannan makirfo masu araha domin a ji su, kuma a nan ne Little Walter, wanda aka haifa a jihar Luwiziyana, ya yi abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa: ya haɗa harmonika da makirfo a tafin hannunsa, ya matsa wa amfilifaya har sautinta ya fara dakushewa, sannan ya mai da wannan dakushewar ta zama ado. Faifansa mai suna Juke, wanda aka naɗa a watan Mayu na 1952 tare da Muddy Waters da Jimmy Rogers a kan jita, ya yi makonni 8 a matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard na kiɗan R&B, wato kiɗan baƙaƙen fata mai tashe a lokacin, alhali babu kalmar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Tun daga lokacin wannan sauti ya zama ma'aunin da ake gwada kowane mai busa da shi.

Farkon abin da mutum zai lura da shi idan ya ɗauki 520DX shi ne nauyi. Jikinsa zubin ƙarfe ne, faɗinsa kusan santimita 6, kuma tare da wayarsa ya haura rabin kilo. Wayar a manne take da jikinsa, tsawonta kimanin mita 6, kuma bakinta irin na wayar jita ne, domin an tsara shi ya shiga amfilifayar jita kai tsaye. A gindinsa akwai ɗan maɓallin da ake murzawa a ƙara sauti ko a rage, a daidai inda ƙaramin yatsa yake kaiwa. Zangon sautin da yake kamawa daga 100 ne zuwa 5,000 a ma'aunin Hertz, alhali kunnen matashi mai lafiya yana ji har kusan 20,000. Wanda ya saba da makirfon murya zai ɗauki wannan a matsayin naƙasu, amma ni a ganina nan darajarsa take, domin harmonika tana da tsini mai soka kunne a sama, ga kuma hucin numfashi, kuma makirfon yana zubar da yawancin wannan tun kafin ya isa amfilifaya, ya bar tsakiyar sautin mai nama.

Sai dai duk wanda ya saye shi da zaton cewa daga jona waya zai ji sautin Shikago, to akwai sauran aiki a gabansa, kuma aikin a hannu yake. Ana riƙe harmonika tsakanin babban yatsa da manuni na hannun hagu, sauran yatsu uku su rungumi makirfon, a bar tazarar kamar kaurin yatsa ɗaya tsakanin bayan harmonika da ragar makirfon, sannan hannun dama ya rufe sauran gefen har ya zama kamar an kife ƙoƙo a kan ƙoƙo. Ko ramukan sama da ba a busawa akan toshe su da kumatu ko da babban yatsan dama. Idan rufin ya yi daidai, iskar da ke cikin tafin hannu takan matsa wa makirfon da ƙarfi, sautin ƙasa ya ƙaru, amon ya dunƙule ya yi duhu. Idan kuwa akwai kafa ko da ta shigar tsinke ce, sai kaurin ya tsiyaye. Na ga wannan da idona a kan allon kwamfuta: na busa rami na biyu da hannu a sake, na sake busa shi bayan na matse gefen tafina na dama a kan na hagu, sai zanen sautin ya kumbura, alhali ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Makonnin farko hannuna yakan gaji bayan 'yan mintuna, zufa kuma takan sa ƙarfen ya riƙa santsi, har sai da yatsuna suka saba da zamansa. Mai ƙananan hannuwa zai fi shan wannan wahala, kuma ya kamata ya gwada riƙe shi kafin ya biya kuɗi.

Akwai kuma abin da ke gaba da hannun, wato bakin mai busa da maƙogwaronsa. Yawancin buluz ana busa shi ne a abin da ake kira matsayi na biyu, inda ake ɗaukar harmonika mai mabuɗin A, wato wadda aka tsara sautukanta a kan sautin A, a yi kiɗa a mabuɗin E, kamar yadda aka yi a faifan da na ambata. Hikimar hakan ita ce muhimman sautukan suna faɗowa a kan zuƙar iska maimakon hurawa, kuma a ramuka na biyu da na uku da na huɗu ana iya lanƙwasa sautin zuƙa ya sauko ƙasa ta hanyar sauya zaman harshe da faɗin maƙogwaro. Wannan lanƙwasa ce take ba kiɗan kukansa mai kama da muryar mutum. Manyan masu busa na Shikago, irin su Big Walter Horton, sukan kuma rufe ramuka da dama da baki su toshe wasu da harshe, sai su ɗaga harshen su mayar da sauri, abin da ke ba kowane sauti wani bugu a farkonsa. Na yi gwajina ne da Hohner Marine Band, wadda kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus yake ƙerawa tun 1896, mai jikin katako da 'yan harsunan tagulla guda 20. Makirfon nan ba ya rufa wa kowa asiri: numfashin da ya tsaya a ƙirji yakan fito siriri ko da an ƙure amfilifaya, wanda kuwa ya taso daga ciki yakan fito da kauri ko da sautin a ƙasa yake.

Amfilifayar da ta dace da shi ita ce mai bawul, wato 'yan kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da ke yin ja idan sun ɗauki zafi, domin idan aka matsa musu sautinsu yakan dakushe a hankali cikin taushi. Masu busa da yawa suna girmama Fender Bassman ta 1959 mai lasifika huɗu na inci 10, amma wannan ta dandali ce. A ɗakin naɗa, ƙarama mai wat 5 da lasifika ɗaya ta inci 8 ta fi sauƙin sarrafawa, domin tana kaiwa ga gurnaninta tun kafin ƙarar ta cika ɗaki. Babbar matsalar da za a fuskanta ita ce kuwwar nan mai tsinka kunne da kowa ya sani a wurin taro idan mai jawabi ya matso kusa da lasifika. Makirfon yana ɗaukar sauti ta kowane gefe, kuma amfilifayar jita an yi ta ne domin siginar da ba ta kai tasa ƙarfi ba, saboda haka kuwwa tana kusa a koyaushe. Abin da ya yi mini magani shi ne tsayawa a gefen amfilifaya maimakon gabanta, da rage maɓallin sautin sama sosai, da kuma sauya bawul na farko daga 12AX7 zuwa 12AY7 wanda ƙarfin haɓakawarsa bai kai na farkon ba. A nan ne kuma na ga amfanin maɓallin da ke gindin makirfon, domin da zarar na gama busa zan buɗe hannu, sai in murza shi ƙasa da ƙaramin yatsa kafin kuwwar ta taso.

Game da naɗa, kuskuren da na fara yi shi ne jona makirfon kai tsaye a na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Abin da ya fito busasshe ne, kamar na mai magana ta hanci a tsohuwar wayar tarho. Dalili kuwa shi ne sautin da ake nema ba ya kammala sai ya ratsa bawul ya girgiza takardar lasifika ya fito cikin iskar ɗaki, saboda haka lasifikar ce ake naɗa. Ina ajiye makirfo na biyu, Shure SM57, kamar yatsu uku daga ƙyallen gaban amfilifaya, kuma ba na saita shi a tsakiyar lasifikar inda sautin ya fi kaifi, sai in gusa shi wajen gefe inda ya fi taushi. Gusawar santimita biyu kacal tana sauya sautin fiye da duk abin da zan iya yi daga baya a kwamfuta. Idan ɗakin yana da amo mai kyau, nakan ƙara wani makirfon a nesa da mita ɗaya ko biyu in gauraya kaɗan daga cikinsa, tare da saurarawa da kyau kada sautukan biyu su ci juna su bar abin fayau. Daga nan sai ɗan amsa-kuwwa guda ɗaya mai dawowa bayan kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan ado tsoho ne a Shikago: Bill Putnam, mai situdiyon Universal Recording inda aka naɗi faya-fayan kamfanin kiɗa na Chess da yawa a farkon shekarun 1950, ya yi suna tun 1947 da amfani da banɗakin gininsa wajen samar da amsa-kuwwa a wani faifan ƙungiyar Harmonicats, wadda ita ma ta masu busa harmonika ce.

Masu tara tsofaffin kaya sukan ce 520DX bai kai kakanninsa ba, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin abin da ke kama sauti a cikinsa ba irin na samfurin 1949 ba ne, kuma na dā ya fi saurin dakushewa da ƙazamin gurnani. Wasu kuma sun fi son Astatic JT-30, abokin hamayyarsa na tun asali, wanda tsofaffin samfuransa suke aiki da ƙanƙarar wani gishiri da ake kira gishirin Rochelle. Amma wannan gishiri zafi da laima suna lalata shi, kuma wanda yake zaune inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, sannan damina ta biyo baya da danshinta, ya kamata ya yi tunani sosai kafin ya zuba kuɗinsa a kan abin da zai iya mutuwa a cikin mota da rana ɗaya. Na cikin 520DX maganaɗisu ne da naɗin waya, kuma nawa ya ratsa bazara da damina ba tare da sautinsa ya sauya ba. Wanda zai yi odar amfilifaya daga Amurka kuma ya tuna cewa wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Haka nan irin wannan waya tana saurin kwasar gunjin lantarki, musamman idan da janareta ake aiki, kuma nisanta ta da wayoyin wuta yana rage shi sosai.

Ba zan ba mai neman makirfon waƙa ko na karanta labarai shawarar sayensa ba, domin zai toshe masa murya, sai fa in da gangan yake son sautin tsohuwar rediyo a wani baiti. Haka kuma mai son harmonika tsantsa irin ta Sonny Terry, wadda ake buɗe hannu ana rufewa a gaban makirfon murya, ba shi da buƙatarsa. Amma ga wanda ya riga ya iya lanƙwasa ramuka na biyu da na uku, yana kuma da ƙaramar amfilifaya mai bawul ko yana shirin mallakarta, 520DX ya cancanci kuɗinsa, kuma shi nake miƙa wa duk mai busa da ya shigo ɗakina bai zo da nasa ba.