Bindigar feshin jelkot da na saya saboda jirgin ruwana na faiba, ga yadda muka kwashe da ita

Salam jama'a. Wata huɗu kenan da gama aikin nan, da gangan na ƙi cewa komai sai da jirgin ya sha ruwa ya sha rana tukunna, don kar in yabi abu tun ranar farko daga baya in zo ina cizon yatsa.

Jirgin nawa na faiba ne, wato roba mai zaren gilas a ciki, ƙafa 23, da injin Yamaha 40 a baya, na hannu na saye shi aka kawo min daga Legas, ina jigilar mutane da kaya da shi a nan Yauri musamman ranar kasuwa. Bara na fara lura fatar jikinsa ta mutu, in ka shafa hannu sai ka ga fari fat kamar ka taɓa alli, ga tsage-tsage ƙanana kamar saƙar gizo-gizo, can ƙasan ciki kuma inda yake gogar yashi in mun zo gaɓa har zaren faiban ya fara leƙowa. Wannan ne ya tayar min da hankali, don fatar nan ta waje da ake kira jelkot ita ke tsare faiban daga ruwa, in ta cinye ruwa zai riƙa shiga zaren a hankali, kuma rayukan mutane nake ɗauka ba buhunan albasa kaɗai ba.

Da farko wajen wani mai fentin mota na je, ya ce zai yi da bindigarsa. Bakin bindigarsa milimita 1.4 ne, jelkot kuwa kauri gare shi kamar kunun da ya kwana, ko fita bai yi ba sai tofi kawai take yi, shi kuma yana ta neman ya zuba tina ya tsinka shi. Na hana. Jelkot ba fenti ba ne, rezin ne mai kala, wato ruwan roba, ba bushewa yake da iska ba, hadina ake sa masa ya daskare, in ka cika shi da tinar mota ka kashe shi. Daga nan na yi odar bindiga mai babban baki, milimita 2.5, irin mai kofi a sama, kofin na ɗaukar mil 600. Ba mai tsada ba ce, ƴar Chana ce, kuɗinta ko rabin kuɗin bokitin jelkot ɗin bai kai ba.

Ranar farko wallahi asara na yi, kuma ba laifin bindigar ba ne. Watan Maris ne, muka kifa jirgin a inuwar rumfa, ni da ƙanena muka gama goge shi da sanfefa mai lamba 80 muka share da asiton, wato ruwan wanke rezin, lokacin rana ta take wajen ƙarfe ɗaya. Na haɗa lita guda gaba ɗaya da hadina mil 20 yadda aka rubuta, kashi biyu cikin ɗari kenan. Na zuba rabi a kofi na fara fesawa, abin gwanin sha'awa yana fita lafiya lau yana kwanciya, sai ƙaramin kwampiresan da na aro mai tankin lita 50 ya fara gazawa, in na fesa kaɗan sai na tsaya jiran iska ta taru. Ko minti goma ba a yi ba na ji kofin ya ɗau zafi a hannuna, na ja kunamar bindigar shiru. Ya daskare a ciki. Ragowar da ke cikin gwangwani kuwa zafinsa ko taɓawa ba ka iyawa, har wani hayaƙi-hayaƙi yake, da sanda muka tura shi waje nesa da jarkar asiton. Kuma in ya riga ya daskare asiton ba ya narkar da shi, wuni guda na yi ina sakace bakin bindigar da allurarta da siririyar waya.

Wani dattijo da ya taɓa aikin faiba a Fatakwal shi ya zo ya dube mu, ya ce "yaro, wa ya ce maka ana wannan aikin da tsakar rana a ƙasar nan? Abin da suke rubutawa a jikin bokiti lissafin wuri mai sanyi ne, wajen digiri 25, kai kuma kana cikin 40." Na ce Baba to yaya za a yi, ya ce bayan sallar asuba, kuma kaɗan-kaɗan.

Haka muka yi. Na samo babban kwampireso a wajen masu faci, muka zubar da ruwan da ya taru a tankinsa, na ɗaura matatar ruwa a bakin tiyon, don in ɗigon ruwa ya biyo iska zai bar maka ƴan ramuka kamar an tsira allura. Ƙanena na zaune da sirinji, mil 400 na jelkot, hadina mil 6, ya juya sosai minti guda ya miƙo min, ni kuma ba tsayawa sai kofi ya ƙare, da ya ƙare in zuba asiton kaɗan in fesa shi ya wanke cikinta kafin na gaba ya shigo. Mutum ɗaya ba zai iya wannan aikin ba, ko kusa. Dan Allah kar wanda ya auna hadina da ido ko da murfin gora, sirinjin kemis nawa yake.

A nan ne fa na ga amfanin bindigar. Tana fitar da abu mai kauri ba tare da ta shaƙe ba, ɗan sitayirin kawai na ƙara, wato ruwan da ake tsinka rezin da shi, bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma faɗin feshin yana saituwa yadda kake so. Hannunka kamar taƙi ɗaya daga jikin jirgin, ka tafi a miƙe ka dawo kana hawa rabin layin baya. Sau uku na bi ko'ina, ana son kaurin duka ya kai wajen rabin milimita, in ya yi siriri ba zai daskare da kyau ba, in ya yi kauri da yawa kuma nan gaba tsagewa zai yi. Wuraren lanƙwasa na gaban jirgi da burushi ke barin layi-layi, ita shafe su ta yi ba layi ko ɗaya.

Sai maganar wakis, wato kakin da ake zubawa a jelkot, wannan kar a manta da ita. Jelkot in iska na taɓa shi samansa ba ya gama daskarewa, zai zauna da danƙo. Na gwada a kan wani katako ba wakis, bayan kwana biyu in na ɗora yatsa yana kamawa. Don haka a shafin ƙarshe kaɗai ake zuba ruwan wakis ɗin, ya taso sama ya rufe shi daga iska. In ka sa a na farko, na biyu ba zai kama ba sai ka sake gogewa.

Abinda ban ji daɗinsa ba game da bindigar: robar da ke riƙe allurar ba ta jure asiton, a safiya ta biyu ta kumbura ta fara yoyo ta wajen kunama, jelkot na bin yatsuna, sai da na naɗa zaren tef na masu famfo na lallaɓa aka gama. Tana shan iska sosai, in ƙaramin kwampireso gare ka kar ma ka fara. Ga ɓarna, wani kaso mai yawa a iska yake tafiya, babur ɗin ƙanena da ke gefe sai da ya yi ɗigo-ɗigo fari. Bokitin kilo 20 na saya, da asarar ranar farko da komai kusan kwata ne ya rage.

Kuma duk wanda ya ce maka daga bindiga zai fito yana ƙyalli kamar mota bai taɓa yi ba. Fitowa yake da gurje-gurje kamar bayan kwaɗo. Feshi safiya biyu ya ɗauke mu, guga kuwa kwana huɗu, sanfefar ruwa 400, sai 600, 800, har 1200, sannan aka bi da man goge da inji. Sai a lokacin na ga fuskata a jikin jirgin, har masu lodin kaya a bakin ruwa suna tambaya ko sabo na sayo.

Warin sitayirin ba wasa ba ne, takunkumin yadi ba ya tare shi, na ranar farko da shi na yi na kwana da ciwon kai, sai na nemo irin mai gwangwani biyu a gefe. Tabarau ma dole, hadinan nan in ya fantsama a ido yana iya makantar da mutum, shi ya sa ban bar yara sun matso ba, kuma ba mai kunna sigari a wajen.

Yanzu wata huɗu jirgin na ruwa kullum, ba inda ya ɓare, ba inda ya kumbura, sai gogar yashi kaɗan a ƙasan gaba wanda dama na san za a yi. In faci kawai za ka yi kamar tafin hannu, burushi ya ishe ka, kar ka wahalar da kanka da wankin bindiga. Amma in jikin jirgi gaba ɗaya ne, ni dai ta biya ni kuɗina, sai dai ka haɗa da robar allura ta safaya guda biyu tun wajen saye, don a nan na zaga ban samu ba. Bayan damina zan kifa na yayana mu yi masa, nasa ma ya fara fitar da allin nan.